Malamin Hausa a Sparkhill

Na zo Manchester ina da shekara talatin da ɗaya, da akwati biyu da takardar tallafin karatu, zan yi digiri na uku a kan tsaftace ruwan sha. Abin da na sani game da kaina kuwa na san shi tun ina makarantar kwana: maza nake so. A Kano ina da abokai biyu da suka san haka, su ma masu harka ne, kamar yadda muke kiran kanmu idan babu baƙon kunne a kusa. Mukan zauna a shagon ɗinkin ɗayansu mu yi ta tsokanar juna da "ke" da "ƙawata", da wani ya shigo sai mu koma hirar ƙwallo. Iyakar abin da na sani ke nan a wannan fannin, kuma ban yi zaton zai ƙaru ba.

Na sami ɗaki a Hulme, a wani flat da muke zaune mu biyu da wani Bature ɗan Liverpool, nas ne a asibiti, ƙato mai gemu mai yawan dariya. A jikin firij ɗinsa akwai 'yar tuta mai launin bakan gizo, alamar masu harka irin tamu. Sati uku ina buɗe firij ɗin nan ina yin kamar ban gan ta ba. Wata Lahadi wani abokinsa ya zo, dogo, ɗan Brazil, na tashi zan zuba masa shayi. Ya yi mini murmushi, ni kuma na ci gaba da zubawa har shayin ya cika kofin ya malale a tebur ya fara ɗiga a takalminsa.

Da baƙon ya tafi, abokin zamana ya miƙo mini tsumma ya ce, "To, kai za ka gaya mini, ko ni zan gaya maka?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Ka gane. Goge teburin tukuna."

A ranar ya ɗauki nauyin wayar mini da kai. Abu na farko da ya koya mini shi ne, a nan an raba mutane gida-gida da sunan dabbobi. Shi, saboda ƙiba da gashi, sunansa bear, wata ƙatuwar dabbar daji. Ya ƙare mini kallo ya ce ni siriri ne amma da gashi a hannu, don haka ni otter ne. Na duba ƙamus na ga karen ruwa. Na ce masa a garinmu in ka kira mutum haka sai an je gaban mai unguwa. Ya ce a nan yabo ne, akwai masu nema da gaske.

Ya kai ni cin wani abinci da suke kira brunch a unguwar da ke bakin ruwa a tsakiyar gari, matattarar irinmu, wadda kowa ke ce wa Village. Ba karin kumallo ba ne, ba kuma abincin rana ba, fiya ce aka dame aka shafa a burodi. Mu takwas ne a tebur. Kafin a kawo abincin na fahimci cewa kowa a wurin ya taɓa soyayya da aƙalla mutum biyu daga cikin sauran, kuma ga su zaune lafiya lau suna miƙa wa juna gishiri, suna hirar shuke-shuken cikin ɗaki da wurin motsa jiki da wata kyanwa da ake rabon kwana a kanta tun da masu ita suka rabu. Ni da na taso ina jin cewa rayuwar irin mu duhu ce da tashin hankali, sai ga ni na shafe awa biyu ina sauraron yadda ake ba fulawa ruwa ba tare da saiwarta ta ruɓe ba.

Sannan ya sa mini app ɗin da ake haɗuwa a waya. Yana nuna maka hotunan mutanen da ke kusa da kai da nisan kowa. Rabin hotunan babu kai, ƙirji ne kawai da ciki. Ya ce haka masu son rufin asiri suke yi, ni ma in tuɓe riga ya ɗauke ni. Na ce a'a. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka daidaita: babu kai, amma da riga. Na saka kaftanina mai ruwan toka, wanda abokina tela ya yi wa aikin zare shuɗi a wuya, ya ɗauke ni daga haɓa zuwa ƙasa. A duk Manchester ni kaɗai ne kaftani marar kai.

Kasuwata ba ta buɗe ba. Mutane sukan rubuto kalma ɗaya, ni kuma in amsa da gaisuwa cikakkiya cikin Turanci, in tambayi aiki, in tambayi gajiya, in tambayi mutanen gida. Da na kai kan mutanen gida sai a toshe ni. Abokin zamana ya karanta saƙonnin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce, "Me ya haɗa ka da mahaifiyar mutumin da ba ka ga fuskarsa ba?"

Bayan kamar wata biyar aka gayyace ni suna. Matar wani ɗan'uwanmu ɗalibi ta haihu, 'yan Arewa mazauna garin suka kama wani zaure a saman rumbun 'yan sari a Cheetham Hill. Na shiga taragon lantarki da hantsi sanye da kaftanina mai ruwan toka, don shi ne mafi kyau a akwatina. Ko kaɗan ban tuna da hoton ba.

An yi addu'a, an raɗa suna, an fara raba abinci. Ina zaune tsakanin wani dattijon Alhaji, shugaban ƙungiyarmu, da wani ɗalibi mai 'ya'ya huɗu, sai wayata ta yi motsi a aljihu. Na leƙa a ƙarƙashin tebur. Saƙo ne daga app ɗin. Hoton mai saƙon kyanwa ce baƙa. Nisansa da ni mita takwas.

Ya rubuta da Turanci cewa kaftanin ya fi kyau da kai a kansa.

Na ɗaga kai a hankali na fara bin zauren da ido. Mutum kusan sittin, rabinsu waya a hannu. Alhajin da ke gefena ya sauke tabarau kan hanci yana danna tasa da yatsa ɗaya. Na karkata kamar zan ɗauki ruwa na leƙa, na ga farashin tikitin jirgi yake dubawa. Na ji kunyar kaina. Na koma zargin wani malamin lissafi da ke can kusa da taga yana murmushi shi kaɗai, har na fara tausayin matarsa, sai ya juya wayar ya nuna wa na kusa da shi hoton jikarsa.

Saƙo na biyu ya shigo, wannan karon da wata irin Hausa: "Zo ki chi masa. Daya kawai ki dauka."

Na waiwaya wajen teburin abinci. Wani matashi ne tsaye a bayan manyan kuloli, kamar sa'ana ko ƙasa kaɗan, da atamfar girki ɗaure a ƙugu da cokali a hannu, yana kallon rufin zauren kamar bai san komai ba. Kusa da shi wata dattijuwa gajera mai mayafi ruwan goro tana zuba miyar taushe.

Na ɗauki farantina na tafi.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ce, "Sannu. Ke kina so nawa?"

Na ɗauka irin tsokanar nan tamu ce ta shagon ɗinki, na ji tsoron rashin tsoronsa, a tsakiyar jama'a haka. Kafin in amsa Alhaji ya zo bayana da nasa farantin, matashin ya dube shi cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ke ma ƙari?"

Dattijuwar ta buge masa hannu da murfin kula. "Kai ake cewa. Sau nawa zan gaya maka?" Ta juyo wajena ta ce, "Ka yi haƙuri ɗana, a nan aka haife shi. Hausarsa duk ta mata ce, don daga bakina da na ƙannena mata ya koya."

Daga Birmingham suka zo. Ita 'yar Zariya ce, ta fi shekara talatin a ƙasar nan, mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga aikin kula da tsofaffi ta kama yin masa da waina da dambu ga masu biki. Shi kuma a council, wato hukumar birnin, yake aiki, sashen tsara hanyoyin bas, ranar Asabar yake tuƙa ta da kulolinta duk inda aka kira ta. Ya zuba mini masa shida. Da na koma kujerata na ga ya turo lambar wayarsa, ya ƙara da cewa mutanen gida suna lafiya, tun kafin in tambaya.

Haka muka fara. Jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu awa ɗaya da rabi ne in an yi sa'a, na hau shi har na haddace shanun da ke gefen hanya. Wani satin ya zo Hulme, wani satin in je mu haɗu a tsakiyar Birmingham. Turancinsa na 'yan garin ne, kowace jimla sai ta ƙare kamar tambaya ko ƙorafi, na yi wata guda ina zaton fushi yake da ni. Yana cikin wata ƙungiyar 'yan gay masu hawan tsauni, ya ja ni sau ɗaya. Muka yi tafiyar awa huɗu cikin ruwan sama da maza goma sha biyu masu riguna masu tsadar gaske, muka isa ƙololuwa, babu kowa babu komai sai tumaki, muka ci burodi muka juyo. Na tambaye shi wa muka je gaisarwa. Ya ce babu kowa. Na ce to a wurinmu in mutum ya yi irin wannan tafiyar, motarsa ce ta mutu.

Matsala ɗaya ita ce Asabar. Ranar ta mahaifiyarsa ce, kuma ita ce ranar da nake da sarari daga ɗakin gwaji. Shi da mahaifiyarsa ba su taɓa yin maganar cewa maza yake so ba. A wurin aiki kowa ya san shi, abokansa sun sani, amma da ya shigo unguwarsu, Sparkhill, sai ya ninke wannan ɓangaren ya sa a aljihu. Na gane wannan sarai, don nawa ninkin ya fi nasa ƙanƙanta.

Shi ya kawo dabarar. Ya ce zai gaya wa Mama ya ɗauki malamin Hausa, tunda kullum tana yi masa gori. In zo gidan ranar Asabar a matsayin malami, mu hau sama da littafi, shi ke nan.

Na isa Sparkhill da jaka da ƙamus da hula a kai. Gidan ɗan siriri ne a wani layi da ke bayan Stratford Road, ƙamshin daddawa ya tare ni tun daga ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi garinmu, unguwarmu, gidan su wa, ta gano cewa wata ƙawarta ta taɓa zama a bayan layinmu. Sai ta ce, "Malam, Allah ya saka. Na daɗe ina neman wanda zai gyara bakin yaron nan."

Mutumina ya ce, "To Mama, za mu hau sama."

Ta ce, "Saman me? Ga tebur a kicin, ga haske. Ni ma ina so in ji."

Ta share teburin, ta ajiye mana kujeru biyu suna fuskantar juna, ta zauna a tsakiya da kwanon shinkafa tana tsincewa. Na buɗe ƙamus. Ban shirya darasi ba, don ban yi zaton za a yi darasi ba. Na fara da "kai" da "ke". Awa biyu cur muka yi. Duk lokacin da ya yi kuskure sai ta ce "Ka ji ko," duk lokacin da na yi Kananci sai ta gyara mini zuwa Zazzaganci. Da muka gama ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kuka, ta sa shi ya raka ni tashar bas, ta ce kada ya daɗe, akwai albasa da za a yanka.

Da na koma Manchester na ba abokin zamana labari. Ya ce, "Bari in gane. Kun bar ƙasar da babu dama, kun zo ƙasar da akwai dama, kun ƙare kuna jimlolin nahawu a gaban uwarsa?" Na ce haka ne. Ya ce tun da yake bai taɓa jin soyayyar da ake gadinta kamar tamu ba.

Asabar ta biyu haka aka yi, ta uku ma haka. Na fara shirya darasi da gaske, har da aikin gida. A ta huɗu Mama ta ce tunda Malam yana nan, ya riƙe mata tanda minti biyar ta yi sallah. Ta dawo ta ɗaga masar da na juya ta duba ƙasanta, ta ce, "Wa ya koya maka?" Na ce yayata. Ta dubi ɗanta ta ce, "Shekara ashirin kana ƙona mini." Daga ranar darasi ya koma gaban murhu. Ina zuba ƙullu ina tambayarsa jam'in "akuya", yana yanka attaruhu yana hawaye yana cewa "akuyoyi". Wani lokacin in Mama ta juya baya sai ya taɓa ƙafata da tasa a ƙarƙashin tebur. Wata rana ya yi kuskuren ƙafa. Mama ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Tawa ce," ta ci gaba da tsintar shinkafa. Muka yanke shawara a tashar bas cewa ta ɗauka miƙa yake yi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda na fara ɗokin kicin ɗin kansa. Na yi kewar a yi mini faɗa da Hausa. Mama takan ce na rame, takan ce rigata ba ta isa sanyin nan ba, takan cika mini roba da miya in kai Hulme. Ranar da na yi mura ta kira ni a waya ta tambaya ko na ga likita, da na ce a'a ta ce in tafasa citta da kanumfari in kuma daina taurin kai.

Wata bakwai muna haka. Wata Asabar da rana, ana shirin wani biki, muka fita mu uku sayayya a Stratford Road. Titin cike yake kamar kullum, shagunan atamfa da na gwal da na kayan miya, motoci sun yi cirko-cirko. Muka shiga wani babban shagon 'yan Pakistan inda take sayen shinkafar masa. Ta dubi ɗanta ta ce ya je can ƙarshen titi ya sayo mata yis, irin na ƙaramar leda, ba na gwangwani ba. Ya ce ai akwai a nan. Ta ce na can take so.

Ya tafi. Muka tsaya gaban buhunan albasa, tana ɗauka tana matsawa tana mayarwa.

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am, Mama."

"Wata bakwai kana koya wa yaron nan Hausa. Jiya na ce ya ƙirga mini kuloli, ya kai sha ɗaya ya koma Turanci."

Na ce ƙirga tana da wuya, za mu maimaita.

Ta ce, "Amma shekaranjiya na ji shi a waya yana cewa 'na yi kewarka'. Da 'ka' ɗinsa daidai, babu kuskure. A wane shafi wannan yake?"

Na dubi albasa. Ban taɓa kallon albasa da kyau irin na ranar ba. Na fara lissafin ƙofa nawa shagon yake da su.

Ta ce, "Ka kwantar da hankalinka, ba a tsakiyar kasuwa zan yi maka ihu ba. Ni na haife shi. Tun yana ɗan shekara sha biyar na sani. Kun ɗauka don na tsufa idona ya mutu?"

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Masar da ka soya mini?" Ta saka albasa uku a leda. Da ta ci gaba muryarta ta sauka. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana. Ba haka na roƙa ba. Na yi kuka a kan sallaya shekaru, har yanzu ban san me zan ce wa ƙannena ba, kuma akwai abin da na bar wa Allah don ya fi ƙarfin sanina. Amma bayan rasuwar babansa yaron nan ya yi shekara biyu yana cin abinci a tsaye, ba ya magana. Yanzu yana zama, yana ƙari, yana dariya har in ce ya rage. Wannan na gani da idona."

Wata mata ta zo da keken sayayya tana son wucewa, muka matsa mata.

Mama ta ce, "Mahaifiyarka ta sani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ba daga bakina za ta ji ba. Wannan naka ne." Ta miƙo mini ledar albasa. "Abu biyu nake so. Kada ka bar sallah, shi ma ka riƙa tuna masa. Na biyu, darasin nan ba a daina ba. Ranar Juma'a ya ce wa liman 'ina kwananki'."

Dariya ta ƙwace mini tare da hawaye, na goge da hannun riga na ce albasa ce. Ta ce albasar da ba a yanka ba.

Ya dawo yana haki da yis na gwangwani. Ta karɓa ta juya shi ta ce ba komai, dama akwai a gida.

Sai da ya raka ni tashar bas da yamma na gaya masa. Ya tsaya cak, ya zauna a kan katangar wani gida, ya riƙe kai. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Tun ina sha biyar? Na kai wata yarinya gidan nan sau uku lokacin ina jami'a. Ta dafa mata kaza." Daga nan ya yi fushi, wai me ya sa ni ta gaya wa ba shi ba, shi da ya yi shekaru yana shirya jawabin da zai yi mata, har ya rubuta a waya. Na ce ya nuna mini. Shafi huɗu ne, da Turanci, har da kanun magana. Na ce wataƙila shi ya sa.

Bas biyu suka wuce ban hau ba. Da ta uku ta zo ya tura ni ciki ya ce in tafi, zai je ya yanka naman miya.

Sun yi tasu maganar bayan sati biyu, su kaɗai, a mota, a hanyar dawowa daga wani biki a Leicester. Bai gaya mini duk abin da aka ce ba, ban kuma tambaya ba. Ya dai ce bai kai ga karanta jawabin ba, don da ya fara ta ce ya kalli hanya.

Na gama karatuna bayan shekara biyu na sami aiki a Birmingham. Muna zaune tare a wani flat, tafiyar minti goma a ƙafa daga gidan Mama, da baƙar kyanwarsa da tukwanen fulawa tara waɗanda yanzu ni nake ba su ruwa, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan yadda ya kamata a yi. A wurin 'yan'uwanmu na gari mu abokan zama ne. Wasu sun yarda, wasu sun yi kamar sun yarda, wata ƙanwar Mama ta daina amsa gaisuwata. Mama har yau Malam take kira na. In ta gabatar da ni ga baƙi takan ce, "Wannan na gida ne," ta wuce zuwa wata maganar kafin a tambaya.

Tawa mahaifiyar ba ta sani ba har yanzu. Duk Lahadi muna waya, takan tambayi aure, in ce ana addu'a, ta ce Allah ya kawo ta gari. Akwai ranakun da wannan yake zauna mini a ƙirji. Ban san yadda zai ƙare ba, ba na kuma so in yi kamar na sani.

Kwanakin baya mahaifiyata ta kira ina kicin ɗin Mama, hannuna duk ƙullu. Mama ta ɗauka ta sa a kunne ta ce, "Hajiya, ni ce mai ciyar da ɗanki." Suka gaisa gaisuwar minti goma. Daga nan suka shiga musu a kan ko ana sa kanwa a ƙullun masa, mahaifiyata ta ce dole, Mama ta ce wannan aikin Kanawa ne. Ni da mutumina muka tsaya kowa da cokali a hannu muna saurare. Na ji muryar mahaifiyata ƙasa-ƙasa tana cewa ta ba ta amanata, ta sa mini ido.

Mama ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta ce, "Kada ki damu, Hajiya. Idona yana kansa."

Ta ajiye wayar ta nuna tanda da haɓa. Layin farko na masar ya ƙone gaba ɗaya, muka kankare muka sake zubawa.